Malam Bappa, Mai Ƙirga Ungulu, Ya Rasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan 'yarsa ta kira ni, ta ce, "Anti Maryam, Baba ya rasu da asuba." Na ce to. Na ajiye wayar na ƙarasa wanke-wanke. Har yanzu ban yi kuka ba, ban san me ya sa ba.

Malam Bappa shi ke duba min aikin digirina na biyu. Shekara da shekaru yana bin diddigin ungulu, yana neman sanin dalilin da suke ɓacewa daga Bauchi. Mutane na yi masa dariya, har a jami'a akwai masu ce masa Malam Ungulu. In ya ji sai ya amsa.

Ya kan ce, "Ku tambayi tsofaffin mahauta yadda kwata take a da. Yanzu wa ke kwashe mushe? Karnuka da ƙudaje, su kuma su kawo mana ciwo gida."

Lokacin da Babana ya ce 'yarsa ba za ta riƙa zuwa kwata ƙirga tsuntsaye ba, Malam da kansa ya hau keke ya zo gidanmu a Ƙofar Ran. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar zaure, suka yi ta hira. Da ya tafi Baba ya ce, "Ki je. Mutumin nan yana tsoron Allah."

Bai taɓa karya kumallo a wajen aiki shi kaɗai ba. Ƙosai ne a leda, a raba da kowa.

Ranar Alhamis na yi masa ganin ƙarshe, a wani tsohon gida a GRA. Akwai ƙaton maɗaci a gidan, ungulu ta yi sheƙa a kai da ɗanta guda. Wani Alhaji ya sayi gidan, har ya kira masu sara.

Malam ya ce, "Alhaji, ban ce kar ka yi gininka ba. Ka jira ɗan nan ya tashi, shi ke nan roƙona."

Alhaji ya ce, "Haba Dakta! A kan ungulu?"

"A kanta, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi ta dariya, daga baya ya ce ya ji.

Bayan ya tafi Malam ya zauna a gindin bishiyar yana mai da numfashi. Na ce ko mu je asibiti? Ya ce, "Gajiya ce kawai, Maryama." Ya miƙo min madubin hangen nesansa ya ce idonsa ba ya ɗauka yau, in duba in faɗa masa abin da na gani. Na manta ban mayar masa ba. Ga shi nan a jakata.

Ɗazu Alhajin ya kira ni ya yi min gaisuwa. Ya ce ba za a taɓa bishiyar ba, za a sake zanen ginin. Na yi godiya. Na ɗauko waya in faɗa wa Malam, sai da na nemo lambarsa sannan na tuna.

Allah Ya jiƙan Malam Bappa, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yara haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce.