Wana Mamman da Furen Bariki

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar wana, Mamman Gadina. Waɗanda suka san fuskarsa a Illela sun kusa ƙarewa, shi ya sa na ga gara in rubuta kafin ƙasa ta rufe nawa idon.

Da Turawa suka shata iyaka tsakaninmu da ƙasar Faransa, sun gina ɗan bariki a bayan gari inda Baturen rangadi ke sauka. Ɗaya daga cikinsu ya zo da reshen wani fure mai ƙaya, mai hawa bango, ya ce so yake ya lulluɓe ginin duka. Aka ɗauki Mamman ya kula da shi. Ya kakkafa sanduna nesa kaɗan da bango don kada laima ta ci ginin ƙasa, yana ɗaure rassan da igiyar kaba. Umarnin da aka ba shi: tulu goma kullum daga rijiyar bariki. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai namiji da gemu yana bautar abin da ba a ci, ba a sa wa a miya. Ni ma na yi dariyar, ina fataucin fata, ina ganin kaina wani ne.

Sai aka yi shekarar da damina ta ƙi. Rijiyoyi suka ƙafe har Garu da Gidan Katta. Ta bariki kaɗai ta rage da ruwa saboda zurfinta, ga shi an hana kowa taɓa ta. Baturen yana Sakkwato a lokacin. Mamman ya ci gaba da jan tulu goma, amma ɗaya yake zuba wa furen, tara ya juye wa matan da ke zuwa da ƙore a ka, goyo a baya. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, kana wasa da wuta." Ya ce, "Icce na iya haƙuri, jinjiri ba shi iyawa."

Baturen ya dawo ya tarar ganye ya zube. Aka tara jama'a, tafinta ya tambayi Mamman wa ya ba shi izini. Ya ce babu kowa. Aka yi masa bulala, aka kore shi. Ina tsaye a wurin, takardar ƙetare iyaka tana aljihuna, tsoron a karɓe ta ya ɗinke mini baki.

Ba a yi wata ba furen ya fashe ja wur, bangon nan kamar an shanya alharini. Ashe irinsa sai ya sha ƙishi yake fure sosai. Baturen ya aiko masinja a kira Mamman. Mamman ya ce a gaishe shi, shi ya koma gona. A gonar nan ta wajen Darna ya ƙare rayuwarsa.

Yau furen ya bazu a katangun attajirai, ana kwarara masa ruwa safe da yamma, ga mata can suna layi a bakin rijiya. Da Mamman zai leƙo, ba na jin zai zagi kowa. Ba halinsa ba ne. Zai dai tambaya ko an ba na waje sun sha tukuna. Ai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma wanda ya tona shi ma ana tambayarsa ranar gobe.

Bai taɓa tayar mini da maganar ranar bulala ba. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na durƙusa na ce ya yafe mini shirun da na yi. Ya yi murmushi ya ce, "Mi zan yafe? Da ka yi magana, mu biyu za a buga. To wa za ya shafa min mai ga baya?"

Bai bar ɗa ba, bai bar gida na a zo a gani ba. Fartanya ce da buzun salla muka raba. Ni kam ya bar mini kunya, kuma ita ce ta buɗe bakina a wurare da yawa da na so in yi shiru tun daga ranar. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, Yaya.