Alƙali Barau da Gambar Iyaka

Duk wanda ya san yayana, Alƙali Barau, ya san ba ya shan ko ruwan garin da yake da shari'a. Da butarsa yake yawo. Kai, mutumin nan ya sha ba mu kunya a dangi! Mun je Sabuwa, gwaggonmu ta dama masa fura, ya kalli ƙwaryar ya ce, "Gwaggo, ba ki da ƙara gabana?"

"Ni da na goye ka, Barau?"

"Mijinki hwa?"

"Ya rasu bara, kai ka yi mishi salla!"

Sai a sannan ya sha.

Da kuɗin mai ya ɓarke, kowane ma'aikaci a Faskari ya yi mota, shi yana nan da kekensa. In muka yi masa tsiya sai ya ce, "Mota ba ta shiga gona, ni kau rabin shari'ata gona ce."

Ana haka wani ɗan kwangila, Alhaji Sambo, ya ci rabin gonar Iya Tabawa, wata tsohuwa a Ruwan Godiya da ke riƙon jikoki marayu. Gonar nan ita ce tuwonsu. Da ƙarar ta zo gaban Yaya, manya suka yi ta aiko masa cewa ya bi a hankali. Ni kaina na roƙe shi, don wallahi na tsorata.

Ya ce, "Ban yanke hukuncin gonar da ban taka ba."

Ya tattara kotu har gonar. Alhaji Sambo ya nuna layin ciyawar gamba da ake shukawa a iyaka, ya ce, "Ga ta nan, Allah gafarta Malam, tun kakanni."

"Madalla. Ɗan ja mani ita, Alhaji."

Alhaji Sambo ya sunkuya da babbar rigarsa ya ja. Sai ga ta fit a hannunsa, saiwar ko kamawa ba ta yi ba.

Yaya ya ce, "Ashe kakanninka shekaranjiya sunka yi dashe!"

Aka maida wa Iya gonarta. Wata bai ƙare ba aka ɗauke Yaya zuwa Ƙanƙara, kuma har ya bar aiki ba a ƙara masa girma ba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Jikokin nan har yau suna noma ta.

Ina kewarka, Yaya. Allah Ya yi maka shari'a da sauƙi, Ya haskaka makwancinka. Amin.