Mushe Halidu da Bangon da Ya Shafe

Ran wata Talata ce a farkon damina, shekara uku bayan samun 'yancin kai. Hadari ya taso daga gabas tun hantsi, ya rufe Yamai ruf. Mushe Halidu (haka muke kiran malamanmu, daga faransanci), malamin lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Gamkalley, ya riga ya yi abin da ya saba kullum: ya jingine kekensa, ya share baranda, ya goge ƙurar da ke kan zanensa.

Zanen nan shi ne abin alfaharin makarantar. Da hannunsa ya zana sararin sama a bango, taurari birjik, ga wani ɗan tabo fari a gefe. Shekara da shekaru yana gaya wa yara cewa tabon hayaƙi ne, wata rana ce jaririya da ba ta gama haɗuwa ba. Haka tsohon littafinsa ya ce. A makon nan ake jiran mai duba makarantu, kuma kowa ya san zanen zai ba Mushe kujerar darakta, shugaban makarantar.

Ruwa ya hana jirgin sama tashi. Issoufou direba, tsohon ɗalibinsa, ya ɗauko wani tsoho baƙo daga cikin matafiyan, mai binciken taurari. Motar ta kafe a taɓo, suka fake a barandar makarantar. Baƙon ya daɗe yana kallon bango.

"Mu ma haka muka zata da muna samari," in ji shi. "Ba hayaƙi ba ne. Wani gari ne na taurari, cikakke kamar namu, can nesa. Yadda irinsu suka faro kuwa, har yau muna gardama."

Issoufou ya ja Mushe gefe. "Mushe, gobe zai tafi abinsa. Wa ya ji? Bari mai dubawa ya wuce tukuna."

"Ni na ji, Issoufou."

Da yamma matarsa Hadizatu ta gan shi yana dama farar ƙasa. "Malam, tauraron nan ya kai ƙararka ne? Shi ko tuwo ba ya ci!"

Ya yi dariya, amma washegari ya shafe bangon a gaban yara. Mai dubawa ya zo ya tarar da fari fat, da malami yana cewa, "Abin da na koya muku jiya ba haka yake ba." Kujera ta tafi hannun abokin aikinsa, Mushe Tanimu.

Bai tsaya nan ba. Ya hau keke yana bin tsofaffin ɗalibansa, har da mu da muka gudu daga aji tun ba a je ko'ina ba. Ya sami Sumana tela a kasuwa, bakinsa cike da allurai.

"Ka tuna jaririyar rana?"

"Mushe, wallahi ko sunanta na manta."

"To, sai ka manta da ita da kyau. Ga gaskiyar."

Kai ne, Mushe, ka nuna mana cewa mai ilimi yana iya cewa "na sake tunani" kansa a ɗage. Bayan damina ka tara mu a bakin kogi da magariba, masu lambu da teloli, ka nuna mana tabon a sama da yatsa. Wata yarinya, Kadi, ta tambaye ka yadda garin ya faro. Ka ce, "Ban sani ba, su ma ba su sani ba. Wataƙila ke ce za ki gano." Yau tana babbar makaranta tana karatun lissafi.

Bana ka ajiye alli. Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Malamanmu, in kun gano kuskure a bangonku, ku nemi farar ƙasa.

Abin da Mushe Halidu ya rasa kuwa ga shi: zane ɗaya, kujerar darakta, da tayoyin keke biyu.