Gaisuwar da ta tare wa alkakina hanya

Ku matso kusa, ku ja tabarma, in ba ku labarin yadda alkakina ya shiga intanet, ni kuwa ko zaure ban leƙa ba.

Ni mace ce mai son ɗakinta. A Matameye aka haife ni, nan na yi aure, lakwal kuwa, wato makarantar boko, ban yi nisa ba. Amma abin da ya shiga kunnena ya zauna. Sana'ata alkaki ne, na garar amare. A da, da kaka ta yi, sallamar mata ba ta yankewa a tsakar gidana. Daga baya amare suka koma wa gato, wato kek, da biskit. Maigida kuma da an gama girbi yake tafiya Kano cin rani, cefanen gida ya dawo kan kaskona. Har abin ya kai ga zaɓi biyu: ko masu saye su same ni a gida, ko in ɗauki faranti in je in zauna a kasuwa. Ban taɓa yi ba, ga ciwon gwiwa.

Babbar 'yata, wadda ta yi karatu a Damagaram, ita ta ce za ta buɗe mini bulog, wato shafin da ake rubutu a intanet jama'a su karanta. Ta ce mutum yana rubuta abin da yake nema a salula, injin bincike ya jero masa shafuka, kuma na sama ake taɓawa.

Rubutunta na farko ɗan guntu ne. Hoto, sai "Alkaki mai daɗi a Matameye, a kira mu." Ta ce, "Inna, mutanen yanzu ba sa son dogon karatu." Muka jira, shiru. Ita da kanta ta neme mu, ta yi ta jan yatsa ƙasa, ba mu ba alamarmu. Sai ta dawo da wani zancen, wai ta karanta cewa injin ya fi son rubutu mai tsawo.

Na ce, "In tsawo ne, ai kin zo gidansa. Kunna abin ɗaukar murya."

Na gyara zama na fara yadda ake fara magana. Na yi sallama. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya masu jiki, ya muka ji da zafi, ya labarin mutanenmu na Kano. Na gaida mutanen Yauri, na gaida na Dawce, don kada wani ya ce an manta da shi. Daga nan na shiga labarin kakata da ta koya mini sana'ar, da yadda take korar mu in mun kai hannu kasko. Alkakin kansa sai can ƙarshe ya samu shiga. Ta rubuta duka ta ɗora.

Bayan wasu makonni ta sake neman mu. Wannan karon mun fito, amma can ƙasa. Maƙwabciyata tana nan ta zo aron rariya, sai 'yata ta karanta mana ɗan abin da injin ya nuna a ƙarƙashin sunan shafin: "Ina kwananku, ina gajiya, ya masu jiki..."

Maƙwabciyar ta riƙe ciki don dariya. "Yaya, wannan tallan alkaki ne ko dubiya kika je asibiti?"

'Yata ta ce, "Inna, a yanke gaisuwar nan."

"Ke 'yar nan, in shiga gidan mutane ba gaisuwa? Anya ni na raine ki?"

"Ba ke kika shiga gidansu ba, Inna. Su suka shigo naki, kuma da tambaya a bakinsu."

Wannan maganar ta zauna mini. Na tuna yadda mace ke faɗowa gidana hannu duk ƙulli, ta bar mai a wuta, tana cewa alkakinta na watsewa. Ai ba na tsayar da ita da ina gajiya. Amsa nake ba ta, gaisuwa sai wajen rakiya.

Saura tsawon. 'Yata ta ce kowa da adadin kalmomin da yake faɗa, ita ma ta rasa na kamawa. Na ce ni ban iya ƙirga kalma ba, amma tambayoyin mata suna kunnena kaf. Wace irin barza ake yi wa alkama? Me ke sa ya watse a kasko? Mai ne ya yi yawa a kwaɓin. Me ke sa bayansa ya ƙone cikinsa ɗanye? Wuta ce. Yaushe ake tsoma shi a ruwan sukari, kuma don me ake sa tsamiya? Zai kai ƙarshen biki bai lalace ba? Ina faɗa tana rubutawa, kowace tambaya da amsarta a ƙarƙashi. Inda tambayoyi suka ƙare, nan muka tsaya. Ya fi nata tsawo nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar nawa ba. Sallama ɗaya na bari a sama, wannan kam na kafe. Sauran gaisuwar ta koma ƙasa, labarin kakata kuma aka ba shi nasa rubutun daban.

Ba nan take muka hau sama ba, a hankali muka riƙa matsowa. Ana cikin yankan hatsi salula ta yi ƙara. Wata mata ce daga Icirnawa, za ta aurar da ƙanwarta.

"Mama, na bi bayaninki na yi kaɗan, ya yi kyau. Amma na biki kam ba zan iya wahalar nan ba, ke za ki yi mana. Af, kuma lafiya lau muka kwana, masu jiki da sauƙi."

Na kalli 'yata na ce, "Kin ji ko? Har gaisuwar ta karanta."

Matar nan ita ta turo mini wasu, wasu kuma injin ya kawo su. Farantin da na ware don kasuwa yana nan, yanzu tsamiya nake shanyawa a kansa.

Ku fa, in mai tambaya ya faɗo muku da gaggawa, amsa kuke fara ba shi ko ina gajiya?