Sadakar Gwangwani

Cikin duk ranakun da na yi ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, akwai guda ɗaya da har yau ta ƙi barin raina, ita ce ranar jana'izar Baba Jafaru direba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya ba ku san shi ba, to bari in fara da shi.

A lokacin ban daɗe da ajiye aikin gwamnati ba. Na bar wajen gyaran motocin ma'aikatarmu ina foman, wato mai duba aikin kanikawa kafin mota ta fita, na dawo na buɗe ɗan garejin nan namu a bayan ganuwa. Unguwarmu ta cikin birni tana da wata tsohuwar bas da wani bawan Allah ya bayar wakafi don kai gawa maƙabarta. An cire kujerun baya an yi wa makara wuri. Ba ta iya shiga lungunanmu, don haka a filin ƙofar masallaci take kwana. Baba Jafaru ne ya riƙe ta tun zuwanta, ba albashi ba ladan kowa. Duk gidan da aka yi rashi, kafin a gama wanka ya riga ya tayar da ita yana jira.

Da hannunsa yake yi mata juye, a nan filin, kowa na gani. Ya zubar da tsohon baƙin mai, ya canza filta, ya zuba sabo, sannan ya ƙara gwangwani ɗaya na maganin inji, wanda muke kira tiritimen. Ga wanda bai sani ba, wani mai ne mai kauri kamar zuma, yana taimaka wa tsohon inji ya rage hayaƙi da ƙara. A kan sabon mai ake zuba shi, ba a kuma ƙara wani sai juye na gaba. Ni ban taɓa sa mata hannu ba, don Baba ba ya barin kowa ya buɗe bonet ɗinta. In na tsokane shi na ce tsohuwarsa na neman likita, sai ya ce in je in ji da gawarwakin da ke jibge a garejina tukuna.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya fi shekara ba ya fita. Makulli ya koma hannun ladanin masallaci. Duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya karɓa, ya nemi mai iya tuƙi cikin danginsa, in an dawo ya mayar.

Wata safiya cikin damina ɗansa Malam Nuhu, malamin makaranta ne, ya sauka daga keke a bakin garejina idanunsa jajur. Ya ce Baba ya cika da asuba, za a yi sallah bayan azahar, ga shi kuma mota ta ƙi tashi. Ya ce tun da bakin tsohon ya karkace magana take yi masa wuya, amma abu ɗaya ya yi ta maimaitawa har kowa a gidan ya haddace: a kai shi a motarsa. Ban tsaya ko wanke hannu ba na ɗauki akwatin sifana muka tafi.

Batir lafiya, fetur akwai. Na murza makulli, inji ya yi ta juyawa da ƙyar, can ya kama. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe ƙofar masallaci, jar fitilar mai ta ƙi mutuwa, sai kuma na ji ƙwas-ƙwas daga saman inji. Nan take na kashe. Na zaro sandar gejin mai, na ga mai ya wuce alamarsa nesa ba kusa ba, baƙi ƙirin, ya manne wa sandar ko ɗiga ba ya yi. Na kwanta ƙasa na kwance noti, maimakon mai ya zubo da gudu sai ya riƙa lalo kai a hankali kamar kunun da ya kwana.

Rana na ta ɗagawa, mutane na ta cika filin. Daga gabas kuma hadari ya fara haɗowa. Masu haƙa suka aiko cewa kabari ya kammala, in ruwan nan ya sauko kafin a zo, sai an sake wani aikin. Na kasa zaune na kasa tsaye. In na shiga ƙarƙashin mota sai in fito in duba sama, in na duba sama sai in koma. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a gidan makoki, na tambayi wanda yake yi wa motar nan juye tun kwanciyar Baba.

Can sai Alhaji Shehu mai hatsi, dattijon da ko a kasuwa ba a jin muryarsa, ya matso.

"Malam Tanimu, juye kam ban sani ba. Amma ranar da aka kai mahaifiyata na zuba mata gwangwani biyu irin wanda Baba yake zubawa. Na ga ba a karɓar komai, kunya ta hana ni mayar da ita haka nan."

Wani tela a bayansa ya ce shi ma ya zuba, ranar ƙaninsa. Wani malami ya ce shi ma. Ladan ya sunkuyar da kai ya ce har mata sukan aiko masa da gwangwani daga cikin gidaje, su ce a zuba wa mota ladan ya kai ga mamacinsu, shi kuma ya zuba. Kowa a ɓoye ya yi nasa, don ba a tallar sadaka. Kowa kuma ya ɗauka akwai wani can da ke yin juyen. Na dube su, manyan mutane da furfura, sun tsaya kamar an kama su da laifi, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Na yi wa Liman bayani. Tsohon mai da maganin sun haɗu sun zama kwalta, sun toshe rariyar da famfo ke jan mai ta cikinta, don haka ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Dole sai an sauke kwanon ƙasan inji an wanke, aikin da zai kai mu bayan la'asar. In kuwa muka tilasta mata, ba za ta kai ƙofar gari ba inji zai buga. Liman ya ce ba a jinkirta gawa saboda mota, kuma gaskiyarsa ce. Alhaji Shehu ya aika a kawo a-kori-kurarsa ta ɗaukar buhuna. Malam Nuhu bai yi musu ba. Ya dafa gefen bas ɗin ya ce Allah ya ga niyyarsu, hawaye na bin gemunsa. Ni dai na koma ƙasa na ci gaba da kwance notuna, alhali na san ba inda hakan zai kai ni, har aka kira sallah.

Da aka sallaci Baba, aka ɗaga makara aka nufi a-kori-kura. Iska ta fara kaɗa rigunan mutane. Sai Alhaji Shehu ya sha gaban masu ɗauka, ya juyo wajena.

"Malam Tanimu, tayoyinta lafiya? Birki fa?"

Na ce duk lafiya, sai dai birkin zai yi tauri tunda inji ba ya aiki.

"To mu muka shaƙe ta, mu za mu kai ta. Ku sa shi a motarsa."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya kafa kafaɗa a bayan bas. Na ɗaure abin da na kwance, na shiga na riƙe sitiyari, na cire giya na sa ta a firi. Tela ya kama, malami ya kama, ladan ya kama. Haka muka bi titi har ƙofar gari, muka nufi maƙabarta, ba ƙarar inji, sai takun mutane da salati. Masu shaguna suka riƙa fitowa suna karɓar waɗanda suka gaji, don da wuya ka sami gidan da Baba bai taɓa ɗaukar wani nasu ba. Ni ina ciki, Baba yana bayana a makara, ina taka birki da dukan ƙarfina ina kuka ba mai gani. Ana gama mayar da ƙasa ɗigon farko ya sauko. Ruwan a hanyar dawowa ya same mu, muna turo ta zuwa garejin nan.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Maganin inji yana da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin juye, kuma yawansa cuta ne. In an kawo muku mota, kafin ku ɗauki sifana ku tambayi hannun wa da wa ke taɓa ta. Da yawan injinan da suka mutu a gabana ba mugunta ce ta kashe su ba, masu son su ne suka yi yawa, babu guda ɗaya da aka ɗora wa nauyinsu.

Yanzu makullin yana hannuna. Masu rashi ba su daina kawo gwangwani ba, nakan karɓa in yi musu addu'a in jera a kan kantar can da kuke gani, sai lokacin juye in ɗauki ɗaya. Amma har yau, duk sanda na kai hannu zan buɗe bonet ɗin nan, sai na ɗan tsaya, kamar mai jiran Baba Jafaru ya ba ni izini.