Ƙaryar da Ta Rufe Filin Jiragen Yayana

Bara, ina ɗan shekara goma sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare, na yi wata ƙarya da ba ta kai ƙwayar gero ba, amma ta cinye sana'ar yayana ɗungurungum. Cewa na yi na ga shugaban masu gidajen layinmu yana wanka ta kyamarar jirgi. Shi ke nan fa. Ban zagi uwar kowa ba, ban ɗauki allurar kowa ba. Ni dai haka Allah ya yi bakina tun ina ƙarami: in na ga ɓera sai in ce gafiya ce, in na ga gafiya sai in rantse ɗan akuya ne ya wuce da gudu. Ko ruwa na ce ana yi, Mama sai ta leƙa waje ta tabbatar kafin ta kwashe shanya. A makaranta wannan hali ya sa na yi farin jini. A unguwarmu Kamazou kuwa ya sa na zama abin nunawa da baki, kuma har yau akwai gidajen da in na bi ta ƙofarsu sai an yi tsaki.

Yayana mai ɗaukar bidiyon biki ne. Duk Asabar yana wani coci ko wani zauren taro, daga Unguwar Boro har Rido an san shi. Da ya ɗan samu, sai ya sayi jirgin nan mara matuƙi da ake kira diron, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirji. Duk inda ya tashe shi, mutane kan manta da amarya da ango su ɗaga kai sama baki buɗe. Daga nan tunani ya shige shi: tunda ana son abin haka, me zai hana a buɗe fili na musamman, yara su zo su yi wasa da ƙanana, samari masu son shiga harkar bidiyo su koyi tuƙa babban? Babanmu ya ce masa mutumin da ke neman na garin tuwo ba zai biya don ya kalli ƙudan ƙarfe ba. Yaya ya ce Baba bai san inda zamani ya nufa ba. Ya samu wani fili a ƙarshen layinmu, mai shi yana zaune a Abuja, ya share shi, ya kewaye da gora, ya kafa rumfa da benci biyu, ya sayo ƙananan jirage uku. Duk abin da ya tara a shekaru huɗu ya zuba a wurin, kuma tun daga ranar bai ƙara yin wata magana ba sai ta filin.

Ranar da aka buɗe, in ka ga jama'a sai ka ce shinkafa ake rabawa. Masu acaɓa suka jera babura, mata suka fito da goyo, yara suka cika bishiyar mangwaro har rassanta suna kuka. Amma ko mutum ɗaya bai shigo ciki ba. A nan muka gane abin da ya kamata mu gane tun kafin a sari gora ta farko: abin da ke sama ba a yi masa katanga. Wanda ya biya da wanda ya hau katangar maƙwabta duk abu ɗaya suke kallo, na kan katangar ma ya fi ganin da kyau. Ga batir ba ya daɗewa, kafin yaro ya gane wane maɓalli ne hagu wane ne dama jirgin ya fara ƙyafta ido yana neman caji, wuta kuma sai ranar da ta ga dama. Sai Yaya ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce in riƙa kiran mutane, tunda Allah ya hore mini surutu. Wannan ne kuskurensa, kuma shi kaɗai zan ɗora masa. Na buɗe baki na ce jirgin nan yana ƙirga naman da ke cikin tukunya daga sama, yana gane kazar da ta ɓace tun bara, yana iya zuwa Jos ya gaida kakarka ya dawo kafin ruwan shayi ya tafasa. Aka yi ta dariya, amma dariya ba ta sayen man janareta.

A Asabar ta uku ne Baba Ciyaman ya zo. Haka muke kiran shugaban masu gidajen layin, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya amma bai yarda ya yi ba. In akuya ta yi kashi a ƙofar wani sai ya kira taro. Ya shigo da sandarsa yana huci, wai ƙarar jiragen ta hana shi barcin rana, wai kajinsa sun daina ƙwai don suna zaton shaho ne. Yaya yana can yana gyara farfela, ni na tare shi da murmushi na ce ko Baba zai gwada tuƙi, na tsofaffi akwai rangwame. Sai ya kama kunnena ya murɗe, a gaban 'yan matan ajinmu uku, ya kira ni ɗan iska mara tarbiyya, ya ce in gaya wa yayana ya san da wa yake wasa. Da ya fita, kunnena yana raɗaɗi, 'yan matan suna rufe baki, na ga dole in fanshe mutuncina. Na ce ai dalilin fushin Baba daban ne, shekaranjiya kyamara ta kama shi a banɗaki, da jan bokiti, da hular wankan matarsa ruwan ƙwai a kai, tumbi kamar randa, yana rera waƙar coci da muryar da ta fi ta 'yan mata siranta. Har na kwaikwayi waƙar. Wani mai acaɓa ya yi dariya har ya faɗo daga kan babur. A ranar ne karo na farko benci biyun nan suka cika, kowa yana tambaya ko za a nuna masa. Na koma gida ina jin kaina wani babban ɗan kasuwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a layinmu rabin gidajen haya banɗakinsu kwano huɗu ne a bayan gida, babu rufi. Kafin Talata labarin ya zagaye Kamazou ya dawo da 'ya'ya da jikoki. Mata suka ce in dai ta ga Ciyaman, to ta ga kowa. Wata ta fara shiga wanka da lema. Wata ta rufe nata da tabarma da buhunan siminti, wata kuma aka ce ta kwana uku ba ta yi ba sai shafa mai. In jirgi ya tashi sai ka ji ana buga ƙofofi ana kiran 'yan mata su shige ɗaki. Mai kunun zaƙin da ta san ni tun ina rarrafe ta ƙi sayar mini, ta ce in je in sha a sama. Matan zumuntar coci da suke tare da Mama shekara da shekaru suka koma amsa gaisuwarta da hanci. Yaran da suka yi ta roƙona in bar su su taɓa jirgi suka haɗa danƙo suna jiran ya sauko su harbe shi, kuma iyayensu ne ke nuna musu inda duwatsu suke.

Da abin ya tsaya a wanka, da da sauƙi. Baba Ciyaman ne ya juya shi. Ya riƙa bi gida gida yana tambaya, wai wanda ya ga banɗaki bai ga gidan da ba shi da kare ba? Bai ga wanda ya sayi sabuwar mota ba, da ƙofar baya da ke kallon daji? Daga nan kalmar infoma ta fito. Duk wanda ke zaune a gefen garin nan ya san nauyin kalmar, ya san me ake yi wa wanda aka ce yana kai wa masu garkuwa da mutane rahoto. Ranar da Yaya ya ji, ya shigo gida idonsa ja, ya rufe ƙofa ya tambaye ni daga ina maganar ta fito. Na faɗa masa. Na shirya wa mari, har na kare fuska. Bai taɓa ni ba. Ya dai kalle ni ya ce shi bai taɓa tsallake gorarsa da jirgi ko sau ɗaya ba, kuma in akwai abin da ya same shi a unguwar nan, in tuna bakina ne ya jawo.

Aka sa taro ranar Lahadi bayan an tashi coci, a ƙofar gidan Ciyaman. Mutane suka zo da kayan cocinsu da Littafi a hammata da fuskar yanke hukunci. 'Yan banga huɗu suka tsaya a bayanmu kamar za mu tashi sama mu ma. Yaya ya kawo kwamfutarsa ya buɗe duk abin da kyamarar ta ɗauka tun da aka buɗe filin, ya ce kowa ya duba: fili ne, gora ce, sai kawunan 'yan kallo. Wani tela ya ce ai an goge, shi ma ya iya goge hoto a waya. Sai Yaya ya tura ni tsakiya ya ce in faɗi gaskiya. Na ce ƙarya na yi, ban ga komai ta kyamara ba, haushin kunnena ne. Na ɗauka an gama. Sai matar Ciyaman ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce ita tambaya ɗaya gare ta. In ƙarya ce, ta yaya yaron nan ya san bokitin ja ne? Ta yaya ya san hular ruwan ƙwai ce, alhali ko 'ya'yanta ba su san Baba yana aron ta ba? Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Ciyaman ya yi wa matar wani kallo, amma magana ta riga ta fita, kuma kowa ya juyo kaina.

Ba ni da mafita sai in tona ɗaya asirin. Na ce akwai bishiyar gwaba a bayan katangarsu, shekara biyu ke nan ina hawa ina tsinka, kuma daga reshe na uku ana ganin banɗakin tas, daga can na ga bokiti, daga can na ji waƙar. Na faɗa da ƙarfi, ina jin kamar jarumi, ina zaton na wanke yayana. Ashe wuta na ƙara wa fetur. Ciyaman ya ɗaga sanda ya ce jama'a sun ji da kunnensu, gida guda 'yan leƙen asiri biyu, ƙarami ta bishiya, babba ta inji. Mai kunu ta ce dama ita ta daɗe tana zargin gwandarta ba tsuntsu ke ci ba. Mai acaɓan nan da ya faɗo daga babur don dariya, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a kan a kore mu. Mama ta durƙusa a gaban mutanen da ta dafa wa abinci a bukukuwansu tana cewa a yi haƙuri, yaro ne, babu wanda ya ce mata tashi. Wannan durƙuson ne ban yafe wa layinmu ba, kuma ban yafe wa kaina ba.

Hukuncin da suka yanke shi ne kada jirgi ya ƙara wuce tsayin katanga. Jirgin da ba zai wuce katanga ba ai fanka ce. Yaya ya jure Asabar biyu yana shawagi da shi daidai ƙirjinsa, shi kaɗai a fili, ƙura na shiga masa ido. Babu wanda ya zo, ko 'yan kallon kyauta. Sannan masu biki suka fara bugo waya ɗaya bayan ɗaya, wai sun samu wani mai bidiyo, wai dangin amarya ba sa son magana.

Na sha tambayar kaina ko filin zai yi nasara in da na riƙe bakina. Gaskiya ban sani ba, kuma ina shakka. Wurin da wuta ba ta zama, wanda kallonsa kyauta ne, a tsakiyar gidajen da ba su da rufin banɗaki, cikin mutanen da tsoro ya riga ya cika wa ciki, ko ba ni ba wani zai kunna ashanar. Amma ni ne na kunna, kuma wannan ba ya gogewa. Duk mai sha'awar buɗe irin wannan fili, ya nemi wuri nesa da gidaje, ya zauna da dattawan unguwa tun kafin ya sayi farfela ɗaya, ya nuna musu abin da kyamara ke gani da wanda ba ta gani. 'Yan uwana masu baki irin nawa kuma, ku sani mutanen da ke tafa muku yau su ne za su ba da shaida a kanku gobe, kuma ba za su ce wasa kuke yi ba.

Filin ya yi mako bakwai. Yaya ya sayar da jiragen duka huɗu, ya koma Lafiya wurin kawunmu, yana aiki a shagon wanke hotuna. Yana kiran Mama duk Lahadi. In ta ce ga ƙaninka, sai ya ce zai sake kira.