Mai Wayarin Ya Ƙi Tsallake Fiyus

A bakin tashar Yelwa, daura da masu ƙyafaffen kifi, na ga wani mai wayarin yana kwance rabinsa cikin ƙaramar mota, yana jan wayar shuɗayen fitilun LED ta ƙarƙashin kujeru. Da haƙori yake fere waya, ya tofar da robar kamar ƙayar kifi. Hannunsa na hagu tabon ƙuna ne har gwiwa, yatsu biyu sun manne.

Mai motar, cikin farar shadda, yana ta duba agogo. "Malam, bar fiyus ɗin nan. Haɗa makunnin da batir kai tsaye, sauri nika yi."

Sai mai wayarin ya fito, ya shaƙe masa wuyan riga, ya maka bayansa da ƙofa har gilashi ya girgiza, ya manna masa tabon a hanci.

"Duba, Alhaji! Haka na haɗa ma wani. Ɗiyanshi ukku na kujerar baya sadda motar ta kama da wuta."

Ban san yara nawa wannan hannun ya fiddo daga wutar ba. Mai wayarin ya koma ciki, ya sa fiyus, ya danna makunni. Fitilu suka kama, amma shi kujerar baya yake kallo.